Anselm na Kantabari da Tambayarsa: Don Me Allah Ya Zama Mutum?

Karatu: Matta 18:23-27, Romawa 3:19-26, Ibraniyawa 2:14-18. A karanta su duka uku da ƙarfi kafin a fara darasi.

'Yan'uwa, akwai wata tambaya wadda kusan kowane mai bi ya taɓa shan ta, ko a kasuwa, ko a gona, ko daga bakin ɗansa da dare. Ga ta: in Allah mai iko duka ne, mai jinƙai kuma, me ya hana shi ya ce ya yafe, magana ta ƙare? Ina dalilin haihuwa a wurin dabbobi, da yunwa, da gajiya, da bulala, da gicciye? Sarki ya kan yafe wa talakansa da kalma ɗaya, ba ya sauka daga gadonsa ya sa a ɗaure shi a madadin ɓarawo. Waɗansu masu bi in an yi musu wannan tambaya sai su fusata, waɗansu kuwa su yi shiru su koma gida da nauyin zuciya. Yau za mu duba wani bawan Allah wanda ya zauna da tambayar nan shekaru, ya juya ta ta kowace fuska, ya rubuta littafi a kanta wanda har yanzu, bayan shekara 900 da ɗoriya, a ke karantawa. Sunansa Anselm.

Daga Aosta zuwa Bek

An haife shi wajen shekara ta 1033 a Aosta, wani gari a gindin manyan duwatsun da a ke kira Alps, a arewacin ƙasar Italiya ta yanzu. Labarinsa ya zo mana ta hannun almajirinsa Eadmer, wanda ya bi shi duk inda ya tafi cikin shekarunsa 16 na ƙarshe. Uwarsa Ermenberga mace ce mai tsoron Allah. Ita ta gaya masa akwai Allah ɗaya a Sama mai mulkin kome. Yaro kuwa ya ɗaga ido ya ga kawunan duwatsu sun taɓa sararin sama, sai ya ɗauka can fadar Allah ta ke. Wata rana ya yi mafarki ya hau dutsen, ya shiga fada, ya zauna a gaban Ubangiji, aka kawo masa farar gurasa ya ci. Da gari ya waye ya yi ta gaya wa mutane ya je Sama ya ci abinci, gama a wurinsa ba mafarki ba ne.

Bai cika shekara 15 ba ya nemi shiga gidan zuhudu, watau gidan da maza su ke keɓe kansu, ba aure, ba dukiyar kai, sai addu'a da aiki da karatu. Shugaban gidan ya ƙi karɓarsa da ya ke ubansa Gundulf bai sani ba. Daga nan zuciyarsa ta yi sanyi, ya bi sha'anin samartaka. Uwarsa ta rasu, zama da uban kuma ya gagara, gama duk abin da ya yi ba ya gamsar da shi. Yana wajen shekara 23 ya bar gida, ya haye duwatsu da jaki da abokin tafiya ɗaya, guzuri ya ƙare musu har ya riƙa cin ƙanƙara don yunwa. Bayan yawon kusan shekara 3, a 1059 ya isa Bek, wani gidan zuhudu a Normandi, arewacin Faransa, inda wani shahararren malami mai suna Lanfrank ya ke koyarwa. A 1060 ya ɗauki alkawarin zuhudu. A 1063 aka naɗa shi na biyu a gidan, a 1078 kuma ya zama shugaba. Shekara 33 ya yi yana zaman Bek, su ne kuwa shekarun da ya fi jin daɗinsu a duniya.

Labari ɗaya na zamansa can ya isa ya nuna halinsa, ina roƙon iyaye da malaman makarantar Lahadi su kasa kunne. Wani shugaban gidan zuhudu ya kawo masa kuka, ya ce yaran da su ke reno ba su jin magana, dare da rana a na dukansu, amma kullum sai ƙara lalacewa su ke yi. Anselm ya tambaye shi, in sun girma yaya su ke zama? Ya ce dakikai, kamar dabbobi. Sai Anselm ya kawo masa misalin dashe. In ka dasa itace a lambunka, ka matse shi ta kowane gefe har ya rasa inda zai miƙa rassa, ranar da ka buɗe shi me za ka gani in ba karkataccen abu mai murɗaɗɗun rassa ba? Laifin wa? Ya kuma tuna masa maƙerin zinariya ba da guduma kaɗai ya ke aiki ba, ya kan bubbuga, ya kan kuma tallafa ya lallaɓa a hankali har siffa ta fito. Mutumin ya faɗi a gabansa ya amsa laifinsa. Na kawo wannan don waɗansu sun ɗauka wanda ya rubuta a kan nauyin zunubi lalle mai taurin zuciya ne. Ba haka ba ne.

Bangaskiya mai neman ganewa

A na lissafta Anselm cikin na farkon malaman nan da a ke kira malaman makarantu, waɗanda hanyarsu ita ce su ɗauki magana ɗaya ta bangaskiya, su kawo dukan abin da mai gardama zai iya faɗi a kanta, sa'an nan su amsa bi da bi. Amma ku lura da inda ya fara. Bai ce sai ya gane zai gaskata ba. Ya ba da gaskiya tukuna, sa'an nan ya nemi ya gane abin da zuciyarsa ta riga ta kama. A ganinsa kuma sakaci ne mutum ya kafu cikin bangaskiya, sa'an nan ya ƙi wahalar da kansa don ya fahimci abin da ya gaskata. Wanda ya ke ƙaunar ubansa ya kan so ya san shi.

Ya dogara ƙwarai ga Ishaya 7:9. A nan sai in yi ɗan ratse irin na mai aikin fassara. Tsohuwar fassarar Helenanci, da ta Latin wadda ta bi ta, sun haɗa bangaskiya da ganewa a ayar nan, haka Agustin ya karanta ta, haka Anselm ya ɗauko. Amma Ibrananci ya haɗa bangaskiya da kafuwa, shi ne kuwa Littafinmu na Hausa ya bi. Kada wani ya buɗe wurin ya ce an ɓoye masa wani abu. Koyarwar ba ta rataya ga ayar nan kaɗai ba, ku duba Yohanna 7:17, inda Ubangijinmu ya sa niyyar yin nufin Allah a gaban sani.

Wajen 1078 ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Proslogion, wanda duk cikinsa addu'a ce. A ciki ya ɗauko wawan nan na Zabura 14:1, mai musun Allah a zuciyarsa, ya yi ƙoƙari ya nuna cewa wanda ya gane ma'anar sunan Allah, watau wanda ba shi yiwuwa a yi tunanin abin da ya fi shi girma, ba zai iya cewa babu shi ba sai ya saɓa wa kansa. Masana sun rabu a kan hujjar nan, Toma na Akwino ma, babban malamin ƙarni na 13, bai karɓe ta ba. Ba za mu tsaya a kanta ba. Abin da na ke so ku gani shi ne, wani ɗan zuhudu mai suna Gaunilo ya rubuta raddi a madadin wawan, Anselm kuwa ya gode masa, ya amsa, ya kuma umurta duk mai kwafe littafin ya haɗa da raddin da amsar. Dattawan ikkilisiya nawa ne a cikinmu za su yarda a rubuta maganar mai musu da su kusa da tasu?

Tsohuwar tunkiya da bijimi

A 1066 Wilyam mai mulkin Normandi ya ci Ingila da yaƙi. A 1070 Lanfrank ya zama Babban Bishop na Kantabari, watau shugaban ikkilisiyar ƙasar. Ya rasu a 1089, lokacin kuwa ɗan Wilyam, Wilyam na 2, wanda a ke yi wa laƙabi da Ja, shi ke sarauta. Sarkin nan ya ƙi naɗa kowa har kusan shekara 4, yana kwashe amfanin gonakin ikkilisiya yana zubawa a taskarsa. A watan Maris 1093 ciwo ya kwantar da shi a Gulosta har ya fid da rai. Tsoro ya kama shi, aka kira Anselm, wanda ya zo Ingila a lokacin, ya yi masa wa'azin tuba. Nan take sarki ya ce shi ne Babban Bishop. Anselm ya ƙi. Aka ja shi zuwa bakin gado, ya dunƙule hannunsa, bishop-bishop suka yi ta ƙoƙarin buɗe yatsunsa, suka manna masa sandan girma, suka ɗauke shi zuwa majami'a yana kuka yana cewa abin da su ke yi banza ne. Daga baya ya gaya musu ikkilisiyar Ingila kamar garmar shanu ce, sarki da Babban Bishop su ke jan ta, ga shi sun haɗa bijimin da ba a hora ba da tsohuwar tunkiya a karkiya ɗaya.

Haka kuwa ya zama. Sarki ya warke, tubansa ya tafi tare da zazzaɓin. Anselm ya kai masa gudummawar fam 500 don yaƙi, sarki ya raina, yana son 1,000. Anselm ya ƙi ƙarawa, gama ba ya so ya matsa wa talakawan gonakinsa, ba ya kuma so a ce ya sayi matsayinsa, sai ya raba kuɗin ga matalauta. Rigima ta bi rigima. A babban taron da aka yi a Rokingham a 1095 bishop-bishop 'yan'uwansa suka bi bayan sarki, suka bar shi shi kaɗai. Abin da ya tsaya a kai shi ne na Matta 22:21, akwai abin da ke na Kaisar, akwai kuma abin da ba a ba kowa sai Allah. A ƙarshen 1097 ya bar ƙasar. Kafin ya tafi ya sa wa sarki albarka, a bakin teku kuwa ɗan saƙon sarki ya zazzage kayansa a gaban jama'a kamar na ɓarawo.

Cikin wannan wahala ya fara littafinsa mafi girma, wanda sunansa da Latin Cur Deus Homo, watau Don Me Allah Ya Zama Mutum. Ya gama shi a 1098 a wani ƙauye na kan dutse kusa da Kapuwa, kudancin Italiya, inda wani tsohon almajirinsa ya kai shi don ya tsere wa zafin Roma. Ku riƙe wannan, mutumin da ya ƙi ba sarki abin da ke na Allah, shi ne ya zauna ya tambaya, to, ni da ku da mu ka riga mu ka hana wa Allah nasa fa?

Nauyin zunubi

Littafin hira ce tsakaninsa da almajirinsa Boso. Boso shi ke kawo tambayoyin marasa bi, ba ya kuwa sassautawa. Sun ce Kirista sun wulakanta Allah da su ka ce ya shiga cikin mace, ya sha nono, ya mutu tsakanin ɓarayi. Anselm ya ce to, mu ajiye abin da mu ka sani game da Kristi tukuna, kamar ba mu taɓa jinsa ba, mu ga ko akwai wata hanyar tsira.

Da fari ya kawar da wata koyarwa da ta daɗe a bakin malamai, cewa wai Shaiɗan ya sami iko na halal a kan ɗan adam, don haka sai da aka biya shi fansa. Anselm ya ce ina! Shaiɗan da mutum duk bayin Ubangiji ɗaya ne. Bawa ya ruɗi bawa ɗan'uwansa su ka gudu, shi ke nan sai mai ruɗin ya zama mai shi? Ɓarawo ba shi da hakki a kan abin da ya sata. Bashin na Allah ne.

Mene ne zunubi? Amsarsa gajeriya ce: rashin ba Allah abin da ke hakkinsa. Hakkinsa kuwa shi ne kowane nufi na mutum ya kasance ƙarƙashin nufin Allah. Wanda ya hana wannan ya yi wa Allah ƙwace, ya kuma ci mutuncinsa. Mayar da abin da aka ɗauka kaɗai bai isa ba, sai an ƙara wani abu saboda cin mutuncin. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. In wani ya kwance akuyar maƙwabcinsa, ya kuma zage shi a gaban jama'a, ko ya mayar da akuya magana ba ta mutu ba, sai ya ɗauki dattawa ya je ya ba da haƙuri. Shari'ar Musa ma haka ta tsara, ku duba Littafin Firistoci 6:1-7, mai zamba zai mayar da abin duka, ya ƙara humushi a kai, sa'an nan ya kawo hadaya. Kalmar da Anselm ya sa wa wannan biya ta ba ni wahala wajen juyawa. Fansa tana nuna fid da bawa daga hannun mai shi. Biyan bashi yana nuna mayar da abin da aka ci. Ina gani diyya ta fi kusa, gama ita a ke ba wanda aka yi wa laifi don a gyara abin da ya ɓaci tsakani.

Sai Boso ya kawo tambayar da mu ka fara da ita: me zai hana Allah ya yafe kawai, tun da ya umurce mu mu yafe? Anselm ya ce in Allah ya bar zunubi haka nan, ba hukunci ba diyya, to mai laifi da marar laifi sun zama ɗaya a gabansa, mugunta kuma ta fi kome 'yanci a mulkinsa, tun da ba ta ƙarƙashin kowace doka. An hana mu ramuwa ne domin ramuwa aikin Mai Shari'a ne, ba namu ba. Ya kuma kawo misali. Attajiri yana riƙe da lu'ulu'u, maƙiyi ya buge shi ya faɗa cikin taɓo. Zai ɗauka ya mayar cikin taskarsa da taɓon, bai wanke ba? Allah ba ya nufin ya kau da kai daga laifinmu kawai, yana nufin ya komo da mu gida da tsabta.

To, me za ka biya da shi? Boso ya lissafta: tuba, da karyayyar zuciya, da azumi, da sadaka, da yafe wa mutane, da biyayya. Anselm ya tambaye shi, ko da ba ka taɓa yin zunubi ba, ba dukan waɗannan hakkin Allah ne a kanka ba? Boso ya rasa ta cewa. Ku yi tunanin manomin da ke zaune a gonar wani, da sharaɗin zai ba mai gona rabonsa kowace kaka. Ya hana na bara. Bana ya kawo na bana cif, ya ce ga biyan na bara. Wa zai karɓa? Luka 17:7-10 yana koya mana wannan, bawan da ya gama dukan aikinsa abin da ya wajaba kaɗai ya yi. Ba mu da rarar da za mu biya tsohon bashi da ita.

Boso ya ce shi dai yana tsammani ɗan zunubi ƙanƙane nadama ɗaya ta isa ta shafe shi. A nan Anselm ya gaya masa har yanzu bai auna nauyin zunubi ba. Ya ce a ce kana tsaye gaban Allah, wani ya ce ka waiwaya can, Allah kuwa ya ce kada ka waiwaya. Saboda me za ka yi waiwayen nan? Ko da duniya duka za ta hallaka in ba ka yi ba, ya halatta? Boso ya amsa bai halatta ba. To, ashe waiwaye ɗaya na saɓo ya fi duniya nauyi, gama a na auna laifi da girman wanda aka yi wa. Diyyarsa kuwa sai abin da ya fi dukan halitta daraja.

Mu koma ga karatunmu na fari. Baran nan na Matta 18 a na binsa talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan ƙodagon yini guda, watau ladan yini 60,000,000. Duk da haka ya faɗi ya ce a yi masa haƙuri zai biya duka! Bai san yawan abin da a ke binsa ba, haka mu ma. Wani zai ce, ai ga shi sarkin ya yafe da kalma ɗaya. Gaskiya ne. Amma ku tambaya, talanti 10,000 ɗin nan ina su ka tafi? Ba su koma taska ba. Sarkin ne ya ɗauki hasarar a kansa. Ba a taɓa yafe bashi ba sai wani ya ɗauki nauyinsa, misalin bai faɗi yadda Allah ya ɗauka ba, gicciye shi ya faɗa.

Ga inda maganar ta tsaya. Ba wanda ya wajaba ya biya sai mutum, gama shi ya ci bashin. Ba kuwa wanda zai iya biya sai Allah, gama shi kaɗai ya fi dukan halitta. In haka ne, lalle sai wanda shi ke Allah ne sosai, mutum ne kuma sosai, daga zuriyar Adamu, shi ɗaya. Abin da Ibraniyawa 2 ke nufi ke nan da ya ce ya wajaba ya zama kamar 'yan'uwansa ta kowace hanya. Biyayyar da Yesu ya yi dukan kwanakinsa hakkin Allah ce a kansa kamar kowane mutum. Amma mutuwa ba ta wajaba a kansa ba, tun da ba shi da zunubi. Ita ce abu ɗaya da ba a binsa, ya kuwa ba da ita, ran da ya fi dukan duniya daraja.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Uba mai fushi ya kama Ɗa marar laifi ya kashe. Anselm ya yi ta nanata cewa ba a tilasta wa Ɗan ba, da yardar kansa ya ba da ransa, kamar yadda Yohanna 10:17-18 ya nuna. Shi ba ya bukatar ladan aikin nan, gama kome nasa ne, sai ya ba 'yan'uwansa waɗanda bashi ya danne. A ƙarshen littafin Boso ya ga jinƙan da ya yi tsammani ya ɓace sa'ad da su ke auna adalci ya komo ya fi dā girma, tun da Uba da kansa ya ba mai laifi abin da zai biya da shi, Ɗan kuma ya miƙa kansa. Romawa 3:26 ke nan, Allah mai adalci ne, shi ne kuma mai baratar da mai ba da gaskiya ga Yesu.

Ba na cewa littafin ba shi da aibi. Akwai dogon zance a kan cewa mutane za su cika gurbin mala'ikun da su ka faɗi, wanda ban ga tushensa a Littafi Mai Tsarki ba. Bai ba tashin Ubangiji daga matattu wuri yadda manzanni su ka ba shi ba, nasarar nan ta Kolosiyawa 2:15 kuma ta yi ƙaranci a ciki. Abelard, wanda ya biyo bayansa, ya ƙarfafa cewa gicciye yana nuna ƙaunar Allah don ya kunna ƙauna a zuciyarmu. Gaskiya ce, amma in mutum ya faɗa kogi ya mutu don ya nuna maka ƙauna, alhali kana zaune lafiya a gaɓa, ina ƙaunar? Sai in kana nutsewa. Anselm ya nuna mana nutsewar. Masu gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16 sun ƙara abin da Ishaya 53 ya koyar, cewa Kristi ya ɗauki hukuncinmu a kansa, amma a kan harsashin Anselm su ka yi gini. Wanda ya duba Katekisim na Haidelbag na 1563, tambaya ta 12 zuwa ta 18, zai ga sawunsa.

Ƙarshen kwanakinsa

A 1100 kibiya ta kashe Wilyam Ja a wurin farauta. Ƙanensa Henri na 1 ya kira Anselm ya komo, amma ya ce sai ya sāke karɓar matsayinsa daga hannunsa. Anselm ya ƙi, gama ya ji da kunnensa a taron Roma na 1099 an hana sarakuna ba bishop sanda da zobe. Shi mutumin zamaninsa ne, yana yi wa Paparoma biyayya ba tare da musu ba. Tsakanin rigimar nan, a 1102, ya shugabanci taron ikkilisiya a Landan wanda ya haramta sayar da mutane kamar dabbobi. Daga 1103 zuwa 1106 ya sāke zaman baƙunci a ƙasashen waje. A 1107 aka shirya, sarki ya bar ba da sanda da zobe, bishop kuma zai yi masa mubaya'a saboda gonakin da ya ke riƙe.

A 1109 ƙarfinsa ya ƙare. Ran Lahadin Dabino wani daga cikin masu jiyyarsa ya ce masa, ga alama a fadar Ubangijinsa zai yi Idin Tashi. Ya amsa cewa in nufin Allah ke nan ya yarda da murna, amma da za a bar shi kaɗan har ya warware tambayar asalin ran ɗan adam, wadda ya ke ta juyawa a zuciyarsa, da ya gode, gama bai san wanda zai warware ta bayansa ba. Ran Laraba kafin asuba wani ɗan'uwa yana karanta masa Luka 22. Da ya kai aya ta 28 zuwa ta 30, inda Ubangiji ya yi wa waɗanda su ka tsaya tare da shi cikin gwaji alkawarin ci da sha a teburinsa cikin mulkinsa, sai numfashinsa ya fara ja. Su ka sauke shi daga gado, su ka kwantar da shi a kan tsumma da toka bisa ga al'adarsu. Ya cika da wayewar gari, ran 21 ga Afrilu 1109, cikin shekararsa ta 76. Aka binne shi a Kantabari kusa da malaminsa Lanfrank.